Keziya Mai Ƙosai da Jan Waken Safi

Duk wanda ya taɓa kwana a Garin Na Allah, can gefen Baudeta, ya san Keziya, domin ƙamshin kaskonta ne ke tada rabin unguwa da safe. Ta haura shekara ashirin tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro. A Tasawa aka haife ta, ɗiyar wani magini. Ta yi lakkwal, wato makarantar boko, aji huɗu, ta fito da ɗan Faransancin da ya ishe ta gaisuwa da karanta lamba. Aure ya kawo ta ƙauye gidan Titus, manomi, wanda shi ke jan waƙa a ƙaramar majami'ar garin. Ta haifi biyar, Allah ya karɓi ɗaya tun yana goye.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kuma ba a cika jin "ina ga" a bakinta ba. In ta ce abu kaza ne, to ta riga ta taɓa shi da hannunta. Wake kuwa, in ta cusa hannu cikin buhu ta damƙo, za ta gaya maka ko na bana ne ko na bara kafin ta duba.

Babban ɗanta Amos, da ke aiki a Agadas, shi ya aiko mata da waya mai faɗin fuska, ya kuma sa ta cikin wasu rukunoni na Watsap. Garin babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan lakkwal. Da hantsi, in ta sauke kasko ta jiƙa shi, sai ta hau tudun ta tsaya waya a sama har abin da aka turo ya sauka. Da la'asar, in an gama daka, matan unguwa su taru a tsakar gidan Safi maƙwabciyarta, su yi gungu a kan tabarma ɗaya su kalli bidiyon da ta sauko da su.

Keziya takan kashe muryar bidiyo. Malam Jibo, mijin Safi, ba ya son kiɗa a gidansa, ga shi yawancinsu da harsunan da ba mai ji ake yin su. Ita ce ke zama bakinsu, kuma bayaninta ya fi kallon daɗi. Akwai na wani jaki da ya koyi buɗe sakata da leɓe. Wannan sai da aka kalle shi har wayar ta mutu, Keziya na faɗin abin da jakin ke cewa a ransa. Akwai na wani tsoho makaho da ke saƙar tabarma da sauri kamar mai ido huɗu, wanda in an gama shi sai a yi shiru a ce Allah mai iko. Akwai na wata mata a wata ƙasa mai nisa da ta gina murhun laka mai baki biyu, ba ya cin itace. Keziya ta gina shi, na fari ya tsage, na biyu yana nan har yau, kuma gida shida sun kwaikwaya. Na gawar haɗarin mota da na tonon asirin mutane, tun a kan tudu take goge su. Takan ce abin da ba za ta iya nuna wa uwarta ba, ba ta tura shi. Na sana'a kuma ba ta bai wa kowa sai ta gwada da kanta. Wannan ne ya sa maganarta ta yi nauyi a garin.

Wata kaka aka turo mata bidiyon ajiyar wake. Zane ne mai motsi, da Faransanci. An nuna a shanya wake ya bushe ƙarau, a tsince shi, a zuba a busasshen bido, wato jarka, a sa leda a baki a murɗa marfi tam, kar a sake buɗewa sai ranar buƙata. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu. Babu toka, babu garin maganin kasuwa mai sa ciwon kai. Keziya ta gwada da nata ba ta gaya wa kowa ba. Bayan wata biyar ta buɗe, wake ya zubo sumul kamar jiya aka sussuke shi. Da kaka ta zagayo ta nuna wa mata, tara suka bi ta.

Safi ce ta tsaya jan ƙafa. Ita ƴar Isawan ce, can arewa, kuma tana da wani jan wake mai saurin nuna, wanda uwarta ta ƙulla mata a tsumma ranar da aka kawo ta. Uwar ta rasu, Allah ya jiƙanta, ƴan'uwanta maza kuma sun koma shuka wani irin. A duk garin, gamanar Safi kaɗai, wato ƴar gonarta ta kanta, ke fidda shi. Cikin toka take ajiye shi a tulu. Kowace shekara ƙwaro na cin rabonsa, amma ana samun na shuka.

Keziya ta sa ta gaba da tsiya. "Ƴar Isawan, har yaushe za ki bar binne abinci cikin toka kamar dankali?"

"Innar Amos, tokar nan ta girmi wayarki," in ji Safi. Amma daga baya ta sakko, domin ba ta taɓa ganin Keziya ta faɗi abu ya tashi ba. Keziya ta ara mata babban bidon mai, wankakke.

A shekarar ruwa ya ɗauke wa gamanar Safi da wuri, abin da ta samu bai fi tiya uku ba. Ta zuba, bai kai ko rabin bidon ba. Kunya ta hana ta faɗa, tana ganin na sauran mata sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ta rufe a ɗaka, ta tura shi bayan gado.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mata suka shiga buɗe bidunansu. Kowacce ta buɗe sai ta aiko wa Keziya da ɗan dintsi ta gani. Safi ba ta aiko ba, ba ta kuma shimfiɗa tabarma da la'asar ba. Keziya ta shiga ta same ta zaune da faifai a cinya. Waken duk huda, gari a ƙasa, ƙwari wasu matattu wasu na motsi.

"Ga aikin wayarki," Safi ta ce, ba ta ɗaga murya ba.

Keziya ba ta razana ba, domin ta tabbata an yi kuskure a wani wuri, kuma ba a wurinta ba. Ta tambaya ko an buɗe, Safi ta rantse ba a buɗe ba. Ko ya bushe? Kwana huɗu a rana. Leda fa? Safi ta miƙo mata ita, babu ko tsaga. Sai Keziya ta ɗaga bidon ta tambaya ina waken ya tsaya. Safi ta kau da kai, ta ɗora yatsa can ƙasa.

Keziya ta koma gida ta zauna a inuwar rumbu, ta kunna bidiyon da muryarsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. A karo na uku ta gani. Hannun da aka zana yana girgiza bidon, ya ƙara wake, ya sake girgizawa ya ƙara, har wuya. Muryar kuma ta faɗi kalmar nan da ƴan kabu-kabu ke faɗa wa mai sansi, wato fetur, in suna son a cika tanki: filen. Ta san kalmar sarai. Sai dai gonar Titus ba ta taɓa gaza cika bido ba, ita kullum neman inda za ta zuba saura take. Shi ya sa ta cika nata ba tare da ta san cikawar ma umarni ce ba, kuma ba ta taɓa ambatarta a bayaninta ba. Iskar da ta rage a saman waken Safi, ita ƙwarin suka yi ta shaƙa suna hayayyafa.

Kafin gari ya waye magana ta zaga. Wasu na cewa Safi ce ta yi leƙe, wasu na cewa da ma abin waya ba abin dogaro ba ne. Keziya ta bari sai da mata suka taru a rijiya, ta ajiye bokitinta ta yi magana. Ta ce bidiyo bai yi ƙarya ba, Safi ma ba ta yi kuskure ba. Ita ce ta tsallake magana guda, ta kuma ba ta ƙaton bidon da bai dace ba. Ta yi ta kewaye-kewaye don kar ta ambaci yawan waken.

Safi na jan guga, ta ce, "Ki hwaɗi gaskiya dai, gamanata ta yi rowa. Wa bai sani ba?" Aka yi dariya, abin ya ɗan sassauta.

Ranar Keziya ta kai mata farin wake tiya biyu na shuka. Safi ta yi godiya ta ce ta mayar. Ba rashin abin shuka ke damunta ba, Malam yana da nasa. Wancan ne na Innarta.

Keziya ba ta yi musu ba. Ta ce a zubo mata jan waken a tabarma. Shekarun da ta yi tana jiƙa wake sun nuna mata cewa mai huda ɗaya yakan tsira, in dai hudar ba ta ci idonsa ba. Suka zauna kwana biyu, daga hantsi zuwa azahar, suna tsinta ɗaya-ɗaya. Lafiyayye gefe, mai huda ɗaya gefe, saura na kaji. Idon Safi ba ya gani sosai, sai ta riƙa miƙo wanda take shakka. Keziya ta juya shi ta ce a'a, Safi ta ce ta dai ƙara dubawa. Wani lokaci Keziya na jefa shi cikin na kaji Safi na tsamo shi. Abin da suka tsira da shi bai wuce gwangwani ɗaya da rabi ba.

Suka ɗebi ƙwaya ashirin daga masu huda, suka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, suka sa a gindin randa inda akwai sanyi. Titus ya yi addu'a a gidansa, Malam Jibo ya ce Allah ya sa albarka. A kwanakin jiran, Keziya ta hau tudu ta sake tura bidiyon ga duk wadda ta taɓa tura wa, har matan garin Kanan Bakashe, ta haɗa da muryarta: a cika har wuya, a girgiza a ƙara, mai kaɗan ta nemi ƙaramar gora, ba abin kunya ba ne.

Rana ta huɗu Safi ta kira ta ta kan katanga. Suka warware buhun. Sha uku sun fidda farar saiwa. Safi ta ƙirga sau biyu, ta ce alhamdu lillahi, ta kwashe su a tafin hannu ta kai bayan ɗaki ta dasa, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Da ruwan shuka ya sauka, ta sa sauran uku-uku a rami, a kusurwar gamanar da ta fi riƙe laima.

Allah ya ba da damina mai kyau. Jan waken ya riga na kowa nuna, ya cika gorar lita biyar har wuya, da ɗan saura a ƙwarya. Keziya ta leƙa ƙwaryar ta ce a sam mata dintsi ta gwada ƙosai da shi, ta ji ko ya kai yadda ake yabonsa.

Safi ta janye ƙwaryar ta rufe da faifai. "Na bana ba na ci ba ne, Innar Amos. Ki yi haƙuri sai baɗi."