Farafarar Kakata

Kakata tana da wata dawa farafara da ta zo da irinta daga Saulawa tun aurenta. Tuwonta fari ne sol, in ya kwana ɗumamensa ya fi na daren daɗi. Duk kaka sai ta zaɓi manyan zangarnu ta rataye a madafa, hayaƙi ya kore mata ƙwari har damina. Allah Ya jiƙanta, amma a kan irin nan marowaciya ce ta gaske. Ko ƙanwarta ta roƙa, sai ta ce, "Wayyo, bana ɗan kaɗan na ajiye."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, malamin gona ya zo ƙauyenmu kusa da Ikara da sabon iri, gajere mai yawan tsaba. Babana ya shuke gonar kaf da shi. Gaskiya ya yi albarka, rumbu ya cika. Sai dai tuwonsa ba ya kwana, da safe ya saki ruwa, kuma duk shekara sai an koma ofis karɓo sabo. Ni dai na tsane shi.

Damina biyu zangarnun kakata suna rataye. A ta uku ta gaji, ta shuka su a bayan gida. Ko ɗaya bai tsiro ba. Ranar na ga tsoro a idonta.

Muka bi dangi har Kudan neman irin, kowa ya ce, "Ai ke kaɗai ke da shi, Iya." Daga ƙarshe wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ji labari, ta yi dariya.

"Yana nan a wurinmu, can gefen Paki. Tsabar da kike ba ni in na kawo nono, ba duka nake daka ba, sauran shukawa muke yi."

Ran kasuwa ta zo da shi cikin 'yar ƙwarya. Kakata ta daɗe tana juya ƙwayoyin a tafin hannunta. Na zaci madafa za ta nufa. Sai ta ce in miƙo faifai, ta kasa shi kashi-kashi, ta turo mini.

"Kai wa ƙanwata wannan. Wannan na maƙwabta ne. Ka ce su shuka bana, kada su ajiye."

Nata kason ya fi kowanne ƙanƙanta.