Rigar Sanyin da Almakashi Ta Ɗinka

Almakashi ake ce mata, ba don sana'a kaɗai ba, don bakinta ma yanka yake yi. Tela ce, mijinta ya rasu ya bar mata keken ɗinki da 'ya ɗaya, Auta. Ba ta taɓa ɗora wa kowa tef ɗin awo ba. Kallo ɗaya za ta yi maka daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta ce ka dawo jibi. Shagonta kuwa ɗan lungu ne a ƙasan benen wan mijinta, wanda kowa ke kira Manaja, mutumin da ko gaisuwa sai ya duba agogo yake amsawa.

Ita Auta tun tana ƙarama kanta na cikin kwamfuta. Da ta gama sakandare sai ta nemi gurbin karatun kwamfuta a wata jami'a ta ƙasar waje, wadda ɗan Manaja ma ya nema. Aka ce za a gana da ita ta bidiyo. Almakashi ta yafa mayafi ta hau bene.

"Yaya, aron falonka na zo yi, awa ɗaya. Nan ne intanet ba ta yankewa."

Manaja na da baƙi. Ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Matar ƙanina, kin san abin da kike faɗa? 'Yan ƙasar ma da ƙyar ake ɗaukarsu, balle baƙi, kuma a kwamfuta, inda kowa ke turereniya. Nawa ɗan ma sai da na ɗaukar masa malamai uku. Ki koya mata sa zif, ya fi muku."

Baƙi suka taya shi. Ta juya ta sauko. Auta ta yi ganawarta a shago, waya jingine da gwangwanin maɓallai, uwar na tsaye a ƙofa tana korar masu babur.

Ba a jima ba matar Manaja ta sauko da yadi mai kauri, mai tsadar gaske.

"Rigar sanyi za ki ɗinka wa yarona. Can ƙanƙara ake yi."

"Har an ɗauke shi, Hajiya?"

"Wa za a ɗauka in ba shi ba?"

Almakashi ta shimfiɗa yadin a tebur. Ta san yaron, ƙato ne, kafaɗa kamar ƙofar gareji. Ta kuma san bakin Manaja kaɗai ya isa ya raba ta da shagon. Ta ɗaga kai ta kalli Auta, siririya, tana latsa waya. Ta ce bismillah, ta yanka daidai jikin 'yarta. Har maɓallan a ɓangaren mata ta sa su.

To, ku ji ikon Allah: yaron aka fara ɗauka. Auta aka ce tana layin jira, sai in wani ya fasa.

Aka sauko karɓar riga, uwa da uba da ɗa. Yaro ya zura hannu, rigar ta tsaya a gwiwar hannu.

"Mama, ta maƙale!"

"Ƙiba ya yi," in ji Almakashi. "Malamai uku ai ba wasa ba."

Manaja ya fizge rigar ya wurga mata a fuska, ya ce kafin magariba ta kwashe tarkacenta. Ta kwashe. Sai da ta fara naɗe rigar, sannan ta ɗauki keke.

A barandar gidan haya ta ci gaba da ɗinki, rana na dukan ƙeyarta, rabin masu kawo mata aiki sun gudu. Auta ta yi ta kuka, tana cewa, "Inna, in ba su kira ni ba fa?"

"Sai ki sa rigar da sanyin asuba. Yi min shiru."

Har an fara mantawa da zancen, amsa ta iso: wani ya fasa, an ba Auta gurbin, har da tallafin karatu.

Ranar sallama zafi kamar a gasa mutum. Almakashi ta ciro rigar, ta goge, ta ɓalla wa Auta maɓallan har wuya.

"Inna, zan suma."

"Ki suma a falonsa. Tafi ki gai da baffanki, ki durƙusa sosai. In ya tambayi wa ya sa zif ɗin aljihun, ki ce ke ce."