Tsoron Soja Ya Sa Na Hana Ɗana Zama Ɗan Ƙasa

Assalamu alaikum. Na daɗe da wannan magana a ciki, yau na ga gara in amayar da ita ko wata uwa za ta amfana. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce mai tuyar ƙosai a unguwar Sharafiyya ta Jidda, mace mai kaifin baki wadda ko 'yan dako ba sa ja da ita. A Jidda aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ya bar min ɗa tilo. Mahaifina kuwa ba hajji kaɗai ya kawo shi ba. Gudu ya yi daga ƙasar Damagaram, zamanin da Nasara ke kama samari aikin soja na dole. A gaban uwarsu aka ɗaure wansa da igiya aka tafi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da wannan labarin aka yaye mu, har na girma in na ga kaki sai gabana ya faɗi.

Shekarar da yaƙi ya tashi wajen Masar, aka shafa wa fitilun motoci shuɗi don kada jiragen yaƙi su hango su da dare, ɗana ya riga ya zama saurayi, yana gyaran mota a wani gareji. Sai magana ta bazu a tsakaninmu mata cewa za a fara ɗaukar soja na dole, kuma duk mai tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, shi za a fara kwasa. Wa ya faɗa? Oho. Wannan ta ji a bakin waccan, waccan ta ji a wajen suna. Ni da ke zaune bakin titi na karɓi maganar na ƙara mata gishiri, duk wadda ta zo sayen ƙosai sai ta tafi da ita kyauta. A daidai lokacin kuma umda, mai unguwarmu, yana shaidar 'ya'yan da aka haifa a nan don su nemi takardar, dattawan da suka ci sunansu duk suna raye.

Ɗana ya same ni da murna, ya ce shi da abokinsa ɗan maƙwabciyata za su je wajen umda. Na ce ba da ni ba. Ya zauna yana lallashina, ya ce sojan yanzu ba irin na zamanin kakansa ba ne, ba a jan mutum da igiya, masu sanin inji da waya ake nema, a koyar da su a biya su. Ya ƙara da cewa ko an kira shi ma ai zai je, ƙasar da ya sha ruwanta ce. Wannan kalmar ita ta tunzura ni. Na dafa ƙirjina na ce in ƙafarsa ta taka ƙofar umda, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Kun san abin da wannan ke nufi a wajenmu. Ya sunkuyar da kai, ya ce halas, wato shi ke nan, ya bari. Na kwana ina jin na yi nasara, har ina yi wa maƙwabciyata dariya cewa ta miƙa ɗanta ga bindiga da hannunta.

Yaƙi ya ƙare, ba a kama ɗan kowa ba. Wanda ya shiga soja shi ya kai kansa, wasu ma an mayar da su gida don ba su cika sharaɗi ba. Da na sauko na ce ya je ya nema, ƙofa ta riga ta ƙuntace, umda ya rasu, shaidu sun watse. Sai fasfon ƙasar kakanni da iƙama, wato takardar izinin zama, kamar baƙon da ya sauka jiya. Abokin nan nasa da ya sami takardar ya buɗe gareji a unguwar Khumra, shi ya zama kafilin ɗana, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, kuma tsakani da Allah ya riƙe shi da mutunci. Amma da abokin ya rasu a haɗarin mota, magada suka rufe wurin, iƙamar ɗana ta mutu kafin ya sami wani kafili. Aka tare shi a hanya da rana tsaka, aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, shi da Hausarsa ma rabi Larabci ce. Da na je ganinsa inda aka tsare shi kafin tafiya, na so ya zage ni ko in ji sanyi. Bai yi ba. Cewa ya yi in daina kuka, in riƙa shan maganin ƙafata.

Nadama ta ishe ni. Na gane tsoron da na gada na wani zamani ne da wata ƙasa, na ɗora wa yaron da ya fi ni sanin inda yake zaune. Ina roƙon iyaye mata, in kun ji an ce, ku je ku tambayi wanda ya sani kafin ku yanke wa ɗa hukunci. Kada kuma ku ɗaure shi da nono a kan abin da ba ku fahimta ba, don ɗan kirki zai bi ku ko da zai hallaka. Da ɗana ya ƙi jin maganata ranar nan, da yanzu yana kusa da ni.