Usta Hilmi Mai Gyaran Tsoffin Gem na Mansura

Kullum da hantsi, bayan ya ci waken ful ɗinsa a tsaye wajen mai amalanke, Usta Hilmi zai ɗaga ƙofar shagonsa da ke lungun bayan tashar jirgin ƙasa ta birnin Mansura. Ya goge talabijin ɗin nan mai ƙaton ƙeya, ya jona ƙarfen liƙa waya da dalma, Anwar mai shayi ya ajiye masa kofi ba sai ya tambaya ba. Haka ya shafe shekaru yana gyaran tsoffin na'urorin gem, wato wasannin da ake bugawa a talabijin, da kaset-kaset ɗinsu. Ƙarshen watan nan zai rufe, don ido ya ja baya, hannu kuma ya fara rawa. Mu da muka taso a ƙofar shagon muka ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Wasannin da ya fi so su ne na doguwar tafiya, waɗanda za ka raɗa wa jarumai suna, ka yi ta yawo da su ƙauye zuwa ƙauye har watanni. Ba su da tausayi ko kaɗan. Ba taswira, ba mai nuna hanya. Ka yi taku kaɗan dodo ya tare ka, ka kashe shi wani ya fito. Turancin ciki duk a karye. Ka yini kana fama, wuta ta ɗauke kafin ka isa masaukin da ake adana wasa, wahalarka ta tashi a banza. In muka yi ƙorafi, Usta yakan ce mu 'yan gata ne, ai garin da ka ɓata a cikinsa shi ne ba ka mantawa.

Bara wata malamar firamare mai suna Rabab ta shigo da kaset naɗe cikin hankici. Na yayanta Sameh ne, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Alƙahira tun tana sakandare. Ta tsince shi ne ran da suke kwashe kayan mahaifiyarsu za ta koma sabon gida. So take ta ga inda ya tsaya.

Usta ya bayyana mata cewa wani ɗan batir kamar maɓallin riga ne ke riƙe da duk abin da aka adana a ciki, kuma na wannan ya kusa mutuwa. Ana iya sauya shi in an ba kaset ɗin wuta ta wata waya yayin aikin, amma hannunsa ba kamar da ba.

"Ba zan ɓoye miki ba, 'yata. In hannuna ya goce, ya tafi ke nan. In kuma muka bar shi, da kansa zai tafi."

"Yi kawai, Baba," in ji ta. "Gara ya tafi a hannunka."

Anwar yana wurin. Shi ya ba mu labari cewa Usta ya jingina wuyan hannunsa a kan tsumma, ya sunkuya har shayinsa ya huce. Da aka kunna, sai ga jarumai huɗu a allon, kowanne da sunan wani ɗan gidansu. Wadda ke gaba, mai takobi, ita ce Rabab. Tana yarinya, korarta Sameh yake daga ɗaki in yana wasan, wai tana danna madannai kamar mai kwaɓa fulawa. Ta daɗe a tsaye tana kallon sunan.

Usta ya ara mata na'ura don ta ƙarasa. Daga nan duk Alhamis sai ta zo da mita.

"Baba, wasan nan ba shi da tarbiyya. Ƙofa ɗaya nake nema tun makon jiya, dodanni kuwa kamar sauro."

"Kin gaishe da tsohuwar bakin rijiya?"

"Na gaishe ta, shirme kawai take."

"Koma ki sake. Ba ta magana a karon farko."

"Mama ke nan sak," in ji ta.

A shagon ta kayar da dodon ƙarshe, muna tsaitsaye a bayanta. Ladan duk wahalar nan 'yan layukan rubutu ne da wani siririn kiɗa. Ta yi dariya ta ce shi ke nan? Sai kuma ta ja mayafi ta rufe fuska. Usta ya juya ga teburinsa yana ta lalube kamar ya ɓatar da wani abu, har ta gama.

Usta, kai ne ba ka taɓa cewa wani ya girmi wasa ba, ba ka taɓa raina abin da aka kawo maka naɗe a tsumma ba. Kai ne ka koya mana haƙurin komawa farko bayan an kayar da mu, ba tare da ka taɓa zaunar da mu don wa'azi ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idon nan haske.

Masu sana'ar hannu, ku dubi mutumin nan. In aka miƙo muku tsohon abu, ku tambayi na wane ne kafin ku ce a jefar.