Mai Fim Bai Ce Komi Ba

Rahinatu tana tsugune bakin famfo tana wanke kofuna lokacin da Tanna, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga ta yafito ta da hannu. Ba sallama, ba tsokanar da ta saba.

"Matso, kada Inna ta ji," in ji Tanna. "Yayanki wace rana ya tashi daga Agadas?"

"Ran Lahadi, ina ji. Mi ya faru?"

"Rissa ya kira yanzu. Ya ce akwai motar da ta ɗauki buhuna da mutane za ta wurin zinariya, ba ta isa ba, ba ta komo ba. Ban ce shina ciki ba fa. Tambaya kawai na yi."

Rissa mijin Tanna ne, direba a hanyar arewa, kuma ba mai yawan magana ba. Rahinatu ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta goge hannu a zane, ta ciro waya. Saƙon da ta aika wa yayanta yana nan da alama ɗaya, bai shiga ba. Ta sha ganin haka, domin rezo, wato sabis ɗin waya, a can sai an hau dutse, amma yau alamar ta yi mata wani iri.

Daga cikin ɗaki muryar Inna Raƙiya ta fito. "Ke Rahi! Mai fim bai ce komi ba?"

"Bai ce ba tukuna, Inna," ta amsa.

Mai fim shi ne Almustafa, ɗan farin Inna. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, kamar yadda ta tarar ana yi a gidansu can Bambeye. Yana ƙarami "wancan" ne, da ya tasa ya zama "yaron nan". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa yana gaishe ta, tana amsawa ne tana kallon kaji. In ya kira waya ba ta karɓa, sai ta ce a ce masa kowa lafiya.

Shi kuwa Almustafa bai gaji shirunta ba. A lakwal, makarantar boko, bai daɗe ba, domin kullum aka juya baya sai a same shi ya tara 'yan aji yana ba su labarin fim ɗin da ya gani a gidan bidiyon Tanko, har da kukan bindiga da faɗuwar bos. Da ya girma ya bi sahun samarin Adar zuwa Abijan. Wasu suka dawo da babur, shi ya dawo da ƙaton ludayi da iya girki, wanda ya koya a gidan abincin wata 'yar Senegal. Da aka fara ruguntsumin zinariya a arewa ya tafi, amma ya ce rami ba nasa ba ne, shi tukunya ya sani. Ya zama kukun masu haƙa. Aure kuwa, in aka yi masa zance, sai ya ce ya kalli fina-finai da yawa, ya san yadda abin yake ƙarewa.

Yadda ya zama mai fim ɗin gidan yana da asali. Wata shekara Kawu Hashimu, yayan Inna, ya zo daga Kalfu ganin likita. Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kunna tele don a girmama baƙo. Wani fim ne na Birazil mai magana da Faransanci. Ana zaune lafiya, sai wani saurayi da budurwa suka fara matsowa kusa da juna, suna ta matsowa. Rahinatu ta danna komand, wato rimot, don ta kashe, ashe batir ya mutu. Inna ta zabura ta kifa faifai a fuskar tele, faifan ya zame ya faɗi. Kawu Hashimu ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi, can ya tambayi ba kowa ba ko ruwa ya sauka a Affala bana. A tsakiyar rani ake. Almustafa ne ya yi tsalle ya fizge wayar wuta. Kawu ya koma Kalfu washegari bai jira sakamakon likita ba.

Tun daga ranar Almustafa ya ɗauki alkawari: ba fim ɗin da zai sake shiga gidan sai ya riga kowa gani. Ya raba fina-finan duniya gida uku. Akwai "na gaban kawu", akwai "na a kori yara", akwai kuma "na kowa ya kalla shi kaɗai ya yi istigfari". Da ya koma arewa bai fasa ba. In ya sauko Agadas sayen kayan abinci sai ya cika waya da fina-finai, ya riƙa kallo yana jiran wake ya nuna, sannan ya hau dutse ya aiko da saƙon murya.

"Mutanen gida, salamu alaikum. Wanga na Indiya mai fassara, na gaban kawu ne, sai wuri ɗaya. In kunka ga mai jar riga ta hau bene, Rahi ta tura gaba, Inna ta tahi duba tukunya. Na Kanon nan kuwa kada ku ɓata wuta, kuka ne tun daga farko, ga waƙa ba dalili."

Ma'auninsa ma na kuku ne. Fim marar daɗi shi ne wanda ya kalla yana yanka albasa bai ko yanke yatsa ba. Mai dama-dama shi ne wanda ya sa ya manta gishiri. Wanda ya kai fim kuwa, sai ya ce, "Wanga ya ƙona shinkafa." Masu haƙa sun ci ƙanzo ba kaɗan ba saboda fina-finan Turkawa. Saƙonninsa suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a unguwa, har mai tura fina-finai a kasuwar Tawa in ya ga Rahinatu sai ya ce, "Malama, kuku mi ya ce a kan sabon nan?"

Akwai wani aiki da yake yi wa Inna ita kaɗai. Tana da hawan jini, kuma ba ta iya kallon fim ba ta san wanda zai mutu ba. Sai ya riƙa gaya mata tun da wuri. "Tsohon nan mai sanda zai cika a kashi na gaba, a shirya. Yarinyar kuwa suma ce ta yi, kada kowa ya tashi hankalinai." Ramla mai ɗinki, wadda take zuwa kallo kullum, takan toshe kunne tana cewa wannan ai zalunci ne. Inna kuwa sai ta ce a maimaita, ta kuma ce a maimaita. Rahinatu ta daɗe kafin ta gane ba labarin mutuwar tsoho ake maimaitawa ba.

Bana wani dogon fim na Turkawa suka kama, a kan gonar shayi da 'yan uwa suke rigima a kanta. Ba wanda ya riƙe sunayen mutanen ciki, kowa an raɗa masa nasa: Doguwa mai gonar, Likita Maƙaryaci, da mugun baffanta Mai Gashin Baki. Duk unguwa ta tsani Mai Gashin Baki, ban da Inna.

"Gaya wa mai fim bai san mutane ba," takan ce. "Mutumin da ka sumbatar hannun uwatai kullum safe ba ya lalacewa duka."

Amsa ta dawo daga kan dutse: "A gaya wa lauyan Mai Gashin Baki, mutumin nata ya ƙona sito jiya."

"Gaya mishi tura shi anka yi."

Haka aka yi ta yi, Rahinatu tana tsakiya kamar masinja. Ta gama digirin lisans a jami'ar Tawa, tana zaune gida tana jiran a kira ta sarbis sibik, wato bautar ƙasa, ga shi ta samu aikin da ba ta nema ba. Ta taɓa ce wa Tanna, maganar da uwa da ɗa suka yi a kan gashin bakin nan ta fi duk wadda suka yi tun haihuwarsa.

Saura kashi na ƙarshe. A saƙonsa na Agadas Almustafa ya ce ya samo shi, zai kalla a hanya, kada kowa ya taɓa sai ya yi magana.

Da la'asar ta yi a ranar da Tanna ta leƙo, mata suka taru a zaure kamar kullum. Ramla ta zo da gyaɗa, ta zauna tana karkaɗa ƙafa.

"Inna, don Allah a sa muna. Kowa a gari ya gani sai mu. A kasuwa sai na riƙa gudu kada a gaya mini."

"Ke da ba ki son a gaya miki, ki tahi gidanku ki kalla."

"Ai tele ɗinku ya fi girma. Ni dai in Doguwa ta auri likitan nan na daina kallon Turkawa har abada."

"Haka kinka ce a kan 'yan Indiya," in ji Tanna, tana ƙoƙarin dariya, idonta a kan Rahinatu.

Inna ta ce ba a kunna komi sai mai fim ya ce. Aka sake kallon wani tsohon na barkwanci, kowa ya san inda ake dariya.

Kwanakin da suka biyo baya Rahinatu ba ta ci abin kirki ba. Ko tana salla hankalinta yana kan waya. Ta kira duk wanda ta sani a Agadas. Wani ya ce motar lalacewa ta yi, wani ya ce hanya suka ɓace, wani ya ce bai ji komi ba. Abu ɗaya ya tabbata: mai shagon da Almustafa yake sayen shinkafa ya ce da idonsa ya ga kuku ya hau motar, ludayinsa a soke cikin jaka. Ta rasa yadda za ta gaya wa mai hawan jini wannan magana. Inna kuwa safe da yamma tambayarta ɗaya.

Sai dabara ta zo mata. Da rana tsaka ta ɓuya bayan rumbu ta kalli kashin ƙarshe a wayarta, rabi tana gani, rabi hawaye ya rufe. Ta wanke fuska, ta sami Inna tana tsince shinkafa a tire.

"Inna, Yaya ya yi magana. Rezo ba kyau, rubutu ya aiko. Ya ce ba wanda ya mutu. Doguwa ta samu gonarta, Mai Gashin Baki ya tuba ya roƙi gafara. Ya ce fim ɗin ya yi kyau ƙwarai."

Inna ba ta ɗaga kai ba. "Ya yi kyau ƙwarai," ta maimaita. "Na gaban wa ne?"

"Na... na gaban kawu."

"Shinkafa fa?"

Inna ba ta jira amsa ba.

"Mutumin nan ya tuba, shi kuma ya bari ban ji tsiya ba? Da sai ya ce tuban ƙarya ne. Kuma yaushe ya fara rubutu?" Ta ajiye tiren. "Tun ran da Tanna ta leƙo katanga kin bar cin tuwo. Ni ba ni tambaya, ke kuma ba ki faɗi. To yanzu faɗi."

Rahinatu ta durƙusa ta faɗi duka, da motar, da Rissa, da mai shago da ludayi. Tana faɗi tana kallon fuskar Inna, tana tuna inda maganin hawan jini yake. Inna ta yi salati a hankali. Ta daɗe tana kallon kajin da suke tsattsagar tsakuwar da ta zubar.

"Ina ake dannawa?" ta ce.

"Mi, Inna?"

"Abin maganar."

Rahinatu ta ciro waya, ta danna mata wurin saƙon murya ta riƙe. Inna ta gyara kallabi kamar mai shiga gaban baƙi, ta kawo bakinta kusa da wayar.

"Kai mai fim. Ni ce. An ce mutumina ya tuba, to ka ji. Ban gani ba, ba ni kuma gani sai ka ce. Rahi ba ta iya ba da labari ba, karatun nata bai kai nan ba. Ka sha ruwa in akwai. Shi ke nan."

Ta ɗauki tirenta ta shiga madafa. Ranar an ci tuwo a makare.

Da yamma Ramla ta zo da gyaɗarta, ta ga tele a rufe da zane, Tanna ta ja ta gefe ta gaya mata. Ta zauna duk da haka. Can ta ce ita dai ko an tuba ba ta yafe wa Mai Gashin Baki ba. Inna ta ce ba a nemi yafewarta ba. Aka ɗan yi dariya.

Rissa da wasu direbobi sun fita da motoci da jarkokin ruwa suna bin hanyar, sun ce za su kira da zarar sun samu rezo. Ba su kira ba tukuna. Saƙon Inna yana nan da alama ɗaya, kashin ƙarshe yana nan ba a kalla a zaure ba, kuma har yanzu ba a ji labarin Almustafa ba.