Ƙafafun Sirajo

A ƙauyenmu da ke yamma da Dancawo, da wuya ka sami wanda bai hau bayan Gwaggo Daso ba. Ni ma na hau, kuma an ce na yi mata fitsari har ba adadi. Aure uku ta yi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, daga ƙarshe ta dawo gidan wanta ta zauna. Matan gari in za su gona ko rijiya sai su miƙa mata ɗa, in sun juya baya su ce juya ce. Wannan abu har yau yana ci mini rai, don uwata ma tana cikinsu.

Goyo kuwa ta iya shi kamar don shi aka halicce ta. Lokacin ɗari takan sa jariri a cikin rigarta, fata da fata, ta ɗora zane biyu ta ɗaure da majanyi. Da bazara sai ta cire masa komai, ta nemi tsohon zanen da ya sha wanki har ya yi shara-shara, ta kifa masa ƙwarya a ka don rana. In ta ga yarinya ta goya ɗa wuyansa na lilo, sai ta tsayar da ita a tsakiyar hanya ta kwance goyon ta sake ɗaurawa, tana faɗa tana cewa buhun gero ma ya fi wannan gata. Da fatar bayanta take gane masassara tun kafin uwar ɗa ta sani.

Duk waɗannan 'ya'yan aro ne, da yamma ake zuwa a karɓe su. Nata ya zo ne bayan ta fara furfura. Zahara'u, 'yar wanta, ta rasu a kan gwiwa ta bar namiji, aka sa masa Sirajo. Ubansa Ɗan Azumi yana ci-rani a Aljeriya, danginsa kuma, da ke wani ƙauye a kan hanyar Dancawo, suka ce ba su da mai riƙo. Daso ta ɗauke shi ba ta nemi shawarar kowa ba. Mutane suka ce maraya irin wannan ba ya kai damina, ita kuma ta sa a ranta sai ya yi tafiya da ƙafarsa.

Da nonon akuya da kunu ta fitar da shi daga ɗari, ta fitar da shi daga bazara, duk da gudawa ta so ta tafi da shi. Ya yi kumatu, ya fara kama gindin turmi yana miƙewa. Muka riƙa tsokanarta cewa goyon kaka zai lalace, ta ce ya lalace ɗin, nata ne.

Cikin watan da gero ke fitar da kai, sauro ya yi yawa, masassara ta kama shi. Da hantsi ya fara sanƙarewa, idanunsa suna juyewa. Maza duk suna gona, hadari kuma ya haɗu daga gabas. Daso ba ta jira kowa ba, ta goya shi ta kama hanyar likita, wato asibitin Dancawo, a ƙasa, da niyyar duk ɗan kabu-kabun da ya riske ta, wato mai haya da babur, ya ƙarasa da ita.

Ba ta yi nisa ba ruwa ya kece, da iska mai sanyi. Ta taɓa ƙafafun yaron ta ji sun yi ƙanƙara alhali jikinsa na ƙuna. Sai ta cire mayafinta ta lulluɓe shi tun daga kai, ta tura ƙafafun ciki, ta ɗaure tam.

A wajenmu ba a rufe ƙafar goyo. Kome sanyi, ana barin ƙafafu a waje a gefen ƙugun uwa, in ya so a sa musu safa. Mace ba ta rufe ɗa kai da ƙafa sai in ya cika, za ta kai shi gidan ubansa a yi masa sutura. Daso ta fi kowa sanin wannan, amma a ranar ruwa kawai take gani.

Illo ɗan kabu-kabu, wanda shi ma ta goya yana jariri, ya taho ta bayanta da buhun taki a kan moto. Ta ɗaga masa hannu. Ya rage gudu, ya dubi goyon a lulluɓe, ya ga kuma hanyar gidan su Ɗan Azumi ta nufa. A ganinsa ta'aziyya take jira, buhun kuma yana jiƙewa.

“Sannu Gwaggo. Allah ya sa mai ceto ne,” in ji shi, ya ja moto.

Addu'ar da ake yi wa wadda jaririnta ya mutu ke nan. Kafin maganar ta shiga kanta ya yi nisa. Ta bi shi da gudu tana kira, ruwa ya cinye muryar. A lokacin Sirajo yana numfashi, tana jin ƙirjinsa yana bugun bayanta. Wani mai moto ya sake wucewa, shi ko tsayawa bai yi ba, hannu kawai ya ɗora a ƙirji.

Ta ci gaba cikin yashi da taɓo, ta ratsa kwarin da ruwa ya kai mata cinya. Wajen nan ta ji zafin bayanta yana raguwa, ta ce wa kanta masassarar ce ke sauka. Ta faɗa mini daga baya cewa ta san ƙarya take yi wa kanta. Da ta isa likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya kwance goyon ya duba, ya ce da an zo da wuri da an gwada.

Ta sake goya shi. Matan da ke wurin suka miƙa mata mayafin ta rufe shi yadda aka saba, ta ƙi. Ta bar ƙafafunsa a waje, ta riƙe su da hannuwanta biyu ta juyo gida. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, mutane sun fito duba gona. Duk wanda ta gamu da shi sai ya ce mata ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ita kuma tana amsawa da amin.

A bakin kwarin nan Illo ya same ta, ya sauke takinsa yana komawa ba kowa a bayansa. Da ya hango ƙafafun a waje sai fuskarsa ta washe, ya tsaya yana hamdala, ya ce ashe kuskure ya yi, ta yafe masa mugun bakinsa, ta hau ya kai su gida kyauta.

Daso ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba.

“Ɗazu nake son motonka, Illo. Yanzu ba sauri muke yi ba.”

Ta wuce shi ta shiga ruwan da ƙafa. Shi kuma ya kashe moto ya bi bayanta yana turawa, har ƙofar gidan su Ɗan Azumi.