Sauran kafson da ya kusa kashe ni

Jiya ina shan faten acca, karo na farko da cikina ya karɓi abinci ba rigima, sai ga maƙwabciyata Maman Ladi ta shigo duba ni.

Ta san labarin sarai. Ciwon haƙori ya kai ni kemis, aka ƙulla mini haɗin kafso a leda. Na yi ta sha har na fara zawo da jini. A asibiti nan Kafanchan likita ya ce maganin ne ya kumbura mini babban hanji. Har da ita a zumuntar mata da suka zo yi mini addu'a.

Bayan mun gaisa ta rage murya: "Malama, sauran kafson nan yana nan? Baban Ladi na fama da tari."

Na ce, "Mama, wanda ya kusa kashe ni?"

Ta ce, "Shi fa. Maganin da ya kwantar da babbar mace kamarki, ai mai ƙarfi ne."

Na ajiye cokali. A gabanta na juye shi a masai. Ta fita tana cewa ina da rowa.

Rowa! Jama'a, ku gaya mini: da na ba ta, da wace fuska zan je gaisuwar mutuwa gidanta?